Gadar da Inna Ta Ƙi Takawa

Tsakanin ƙofar gidanmu da titi akwai lambatu mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi. Tun ina yarinya katako biyu aka gitta a kansa, kowa ya san yadda ake taka su, har ranar da ɗaya ya lotsa ƙarƙashin Inna ya cillo ta gefe. Katakon ko tsagewa bai yi ba, ƙashin ƙugunta ne ya karye. Aka yi mata aiki, aka dawo da ita gida a ɗauke, daga ranar kuma wata biyar cur ba ta taka titi da ƙafarta ba. Ko ranar ganin likita, a kan kujera Yaya da wani maƙwabci suke ƙetarar da ita, idonta a rufe.

Likita ya ce ƙashi ya haɗe, abin da ya rage tafiya ce, kullum, daga ƙofa zuwa ƙarshen layi da dawowa. Tsakar gidanmu taku shida ce, ba ta isa ba. Ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa in ta ƙara wata biyu a zaune ƙafar za ta saba da zaman, sai dai mu nemo mata keken turawa. Inna ta ji, ta gyaɗa kai. Da muka dawo gida ta ce,

"Ni ba tafiya nake tsoro ba. Abin da zai motsa a ƙarƙashina ne ba zan sake takawa ba."

Babu wanda ya ga laifinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Yayana mai walda ne, shekara ashirin da biyar yana haɗa ƙofofi da tagogi a rumfarsa da ke bayan layinmu. Mutum ne mai jiki, mai gaskiya, mai taurin kai, kuma na ukun ya fi yawa. Ni ce auta. Ina aiki a ɗakin gwajin kayan gini, inda ake kawo mana rodi da bulo, mu ja wannan mu matse wancan har su gaji, mu rubuta lamba. Shi ya sa yake kirana Injiniya, ba don girmamawa ba. A ganinsa shi yana gyara ƙarfe, ni ina lalata shi.

Ya ce a bar masa maganar gada. Na ce in yana so in zana masa. Ya ce ƙarfe ba ya karatu.

Kwana uku bayan nan na dawo daga aiki na tarar da shi a ƙofar gida, baki har kunne. Ya samo dogayen sifirin biyu na tsohuwar babbar mota, falalen ƙarfen nan da ke tallafe jikinta a kan taya, ya shimfiɗa su a kan lambatun, ya ɗaure farantin ƙarfe a samansu, har da fenti kore. Inna tana tsaye daga cikin soro da sandarta, tana leƙe.

"Inna, wannan ƙarfen buhu ɗari uku yake ɗauka a mota," in ji Yaya. "Zarto ma ba ya cinsa. Ko giwa ce ta hau."

Don ya nuna mata, sai ya hau tsakiya ya yi tsalle. Gadar ta yi ƙasa da shi kamar kaurin yatsa biyu, ta dawo, ta sake yin ƙasa, ta ɗan ci gaba da rawa bayan ya tsaya. Inna ta dube shi, ta dubi gadar.

"To, giwar ta hau," ta ce. Ta juya ta koma ciki.

Na so in yi shiru, amma Allah bai yi ni da wannan baiwar ba. Na ce masa, "Yaya, me aka ƙera sifirin ya yi a mota?"

"Ya ɗauki kaya."

"Ya ɗauki kaya yana lilo. Ka ɗauko abin da aka yi musamman don ya yi rawa, ka kawo wa matar da ta ce ba ta son rawa."

"Ki nuna mini ƙarfen da ya fi shi tauri a garin nan."

"Babu. Amma ko ka sa ƙarfen da kake yin taga da shi, in kaurinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, lotsawarsu ɗaya ce. Ko milimita ba zai fi shi ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kira mai faci, maƙwabcin rumfarsa da ya zo taya shi ɗauka, ya ce ya zo ya ji abin da ake koya wa mutane a makaranta. Ƙarfen taga da yake lanƙwasawa a gwiwa, wai shi ne daidai da sifirin. Raina ya ɓaci, na ce mu haɗu a rumfarsa ranar Asabar da safe, gani ya kori ji.

Ranar Asabar ya kwance sifirin ɗaya, ya yanko falalen ƙarfe na gama-gari, irin na taga, daidai da shi, faɗi santimita takwas, kauri santimita ɗaya. Muka ɗora kowanne a kan bulo biyu, muka ja zare daga bulo zuwa bulo, mai faci ya riƙe rula shi ne alƙali. Muka ɗora buhun siminti a tsakiyar sifirin.

"Ya sauka milimita ashirin da ɗaya," in ji mai faci.

Muka mayar da buhun kan ƙarfen taga. Mai faci ya duba, ya goge rular da rigarsa, ya sake dubawa.

"Ashirin da ɗaya ne, maigida. Ni ba ruwana."

Yaya ya karɓi rular ya auna da kansa, sau biyu, ya zargi zaren, ya zargi bulon. Daga nan sai ya rungumi buhun ya hau kan ƙarfen taga da dukkan nauyinsa. Ƙarfen ya yi ƙasa, da ya sauka kuma bai dawo ba, ya zauna a lanƙwashe kamar bayan tsoho. Ya hau sifirin da buhun, ya yi ƙasa sosai, da ya sauka ya miƙe garau kamar ba a taɓa shi ba.

"Kin gani?" ya ce. "Yanzu wa ya yi gaskiya?"

"Mu biyu. Abu biyu ne, kai ka haɗa su a buhu ɗaya. Akwai nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya sallama ya ƙi dawowa, wannan sifirin ya fi, nesa ba kusa ba. Akwai kuma yawan motsin da zai yi kafin a kai can, wannan duk baƙin ƙarfe kusan ɗaya ne, na mota da na taga. Inna ba ta ce tana tsoron ta karya gada ba. Motsi ta ce."

Ya sosa ƙeya. Na ga dama ta samu, na ci gaba, don ni in na fara bayani sai an ƙwace. Na ce masa tunda ƙarfen ɗaya ne, siffa za a canja. Na sa ya yanko wani falalen, muka tsayar da shi a kan gefensa maimakon kwance, mai faci yana riƙe da shi kada ya kife. Muka ɗora buhun. Mai faci ya ce shi bai ga ya motsa ba.

"Sau sittin da huɗu ya fi ƙin lanƙwasa a haka," na ce. "Ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya, juya shi kawai muka yi."

"Sittin da huɗu," in ji Yaya. "Ba sittin da biyar ba."

Amma ya karɓi takardar da na zana. Falale biyu a tsaye, faranti a sama, sai na ƙara abin da shi bai yi tunaninsa ba, wato abin dafawa a gefe ɗaya mai ƙafa uku, ƙafafun a walde a jikin falalen dama. Ya daɗe yana kallon zanen.

"A jikin falale za a kafa abin dafawar?"

"Eh."

"Hm."

"Mene ne hm?"

"Babu komai, Injiniya. Da bututu ne dai."

"Yaya, ka yi naka mun gani. Ka bi takarda."

Ya bi takarda. Wannan hm ɗin na ji shi sarai, na kuma san Yaya ba ya yin sa a banza, amma daɗin nasarar safiyar nan ya toshe mini kunne.

Ranar Laraba da yamma aka girka gadata. Na hau, Yaya ya hau, mai faci ya hau, mu uku a tsakiya, ko gezau ba ta yi ba. Na hana kowa tsalle. Na shiga na lallaɓo Inna, na rantse mata na auna, na kuma lissafa. Ta yarda da ni, don ni ce 'yar da ta yi karatu. Ta fito soro, ta sa sanda a kan farantin ta danna, ta sa ƙafar lafiya, ta jawo mai ciwon. Taku biyu ta yi. Sai ta miƙa hannu ta dafa abin dafawar, ta saki nauyinta a kansa kamar yadda duk mai ciwon ƙugu zai yi.

Abin ya tafi da ita waje kamar faɗin tafin hannu. Falalen da ke ƙasa ya murɗe, farantin ya yi ƙara, jikinta ya karkata wajen lambatu. Yaya ne ya tare ta, don tun da ta fito yana tsaye a wannan gefen da hannu a buɗe. Ya ɗauke ta cak ya mayar da ita ciki.

Ba ta faɗi ba, ba ta ji ciwo ba, amma na ga yadda ta damƙe wuyan rigar Yaya. Kunya da tsoro suka rufe ni a lokaci ɗaya. Ni da nake zagin sifirin, ni ce na kusa mayar da ita asibiti, kuma na cinye yardar da ta rage mata. Kwana huɗu ko soro ba ta leƙa ba. Daga wata biyun likita, sati uku sun tafi.

A rana ta biyar ta aika a kira mu. Inna tela ce, shekara talatin tana kan keken ɗinki kafin ido ya hana ta, har yanzu ɗakinta cike yake da ragowar yadi da almakashin da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Muka same ta a bakin gado da wani ƙyalle mai kusurwa huɗu a cinya. Muka zauna a ƙasa kamar masu jiran hukunci.

Ta miƙa mini gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya. "Ja."

Na ja. Ƙyallen ya tsaya ƙyam.

Ta juya shi, ta ba ni kusurwa, ta riƙe kusurwar da ke fuskantarta. "Ja."

Na ja, ya biyo ni, ya miƙe ya zama siriri.

"Yadi ɗaya ne," ta ce. "Ta bin zare ba ya miƙewa, a karkace yana miƙewa. Duk wadda ta zo koyon ɗinki wurina, wannan nake fara nuna mata kafin ta taɓa almakashi. Ke kin hau abu kin danna shi ƙasa, kin ce ya yi. Wa ya gaya miki ƙasa kaɗai mutum yake turawa?"

Abin haushin shi ne na san wannan. A wurin aiki lamba daban muke rubuta wa kowanne. Na fara faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, cewa akwai ma'aunin yadda abu yake ƙin miƙewa in an ja shi, akwai na yadda yake ƙin gocewa in an murɗa shi ko an tura shi a karkace, kuma a ƙarfe na biyun bai kai rabin na farkon ba. Akwai ma na uku, yadda abu yake ƙin ƙanƙancewa in an matse shi ta kowane gefe, kamar abin da ya nutse a ruwa mai zurfi.

"Bar na ukun," in ji Inna. "Ba rijiya zan shiga ba."

Yaya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Sai ya miƙa hannu bayan keken ɗinki ya jawo dogon kwalin nan mai kama da bututu da ake naɗe yadi a kansa. Ya ba ni ya ce in murɗa. Na kama da hannu biyu na murɗa, ya ƙi. Ya dubi Inna, ta yi masa izini da ido, ya ɗauki almakashin ya tsaga kwalin daga sama har ƙasa, tsaga ɗaya. Ya sake ba ni. Da yatsa biyu na murɗa shi, bakin tsagar yana zamewa a kan ɗan uwansa.

"Kwali ɗaya, nauyi ɗaya," ya ce da irin muryata. "Tsaga shi kawai muka yi. Sau nawa ne wannan, Injiniya?"

"Ya fi ɗari."

"Ba ki da lamba?"

"Yaya, ka bari."

"Ni ban san lamba ba. Na dai san ƙofar da aka yi da falale, in ka ja ta ta kusurwa ɗaya sai ta murɗe ta ƙi rufuwa. Ta bututu ba ta yi. Kuma duk ƙofar da ba a gitta mata ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa ba, kwana kaɗan za ta sunkuya."

"Da ka sani me ya hana ka faɗa?" in ji Inna.

"Na ce hm."

"Kai da bakinka kamar ƙofar gareji, ranar da ake buƙatarsa sai ka ce hm." Ta juyo kaina. "Ke kuma da kika ji hm ɗin fa?"

Ta ninke ƙyallen ta ce sau ɗaya ya rage, in wannan ma ya motsa mu sayo keken turawar, ta haƙura. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo.

Gada ta uku tare muka yi ta, kuma ba zan ce cikin lumana ba. Ni na zaɓi zurfin bututun mai kusurwa huɗu don kada ya lotsa, shi ya zaɓi kaurin bangonsa da inda za a gitta. Ya rufe bakin kowane bututu da walda, ya haɗa na dama da na hagu da wasu gajeru a daidai ƙafafun abin dafawar, ya gitta ɗaya a karkace tsakanin ƙafa da ƙafa. Na ce ya yi yawa, ya ce Inna ɗaya gare mu. Kafin mu kai ta gida muka gwada ta ta ko'ina. Muka danna ƙasa, muka ja abin dafawar waje, muka tura shi gaba da baya, Yaya ya rataya a jikinsa kamar buhu. Mai faci ya riƙe rula har ya gaji ya ce shi ya yi murabus daga alƙalanci.

Ranar da muka girka ta, Inna ba ta yarda da rula ba. Ta sa na ciko kofi da ruwa har baki, na ajiye a kan abin dafawar a tsakiya. Ta ce Yaya ya wuce. Ya wuce. Ta ce ya dawo ya jingina. Ya jingina da dukkan jikinsa. Fuskar ruwan ta ɗan girgiza, amma ko ɗigo bai zuba ba.

"Giwar ta rame ne?" ta tambaya.

"Tana nan yadda take, Inna."

Ta daɗe a bakin soro. Masu wucewa suka fara rage tafiya, mai shagon da ke fuskantarmu ya fito ya tsaya. Ta miƙa wa mai faci sandarta. Na kama hannunta na hagu, Yaya ya sauka cikin lambatun da takalminsa, ya tsaya a gefen dama ya tallafo gwiwar hannunta. Ta sa ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar. Ta dafa ƙarfen da 'yan yatsu, sannan da tafin hannu, sannan ta saki nauyinta.

A tsakiyar gadar ta tsaya cak. Ta ɗaure fuska, ta sunkuyar da kai kamar mai sauraron wani abu.

"Akwai abin da yake rawa," ta ce.

Na dubi kofin, ruwan yana kwance. Na dubi Yaya, fuskarsa duk gumi. Inna ta dubi hannuna da ke riƙe da ita, ta dubi na Yaya.

"Ba gadar ba ce. Ku sake ni."

Muka kalli juna. Ni na fara saki, shi sai da ta harare shi. Ta tsaya ita kaɗai, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ta buga ƙafar mai ciwon a kan farantin sau biyu, a hankali. Sai ta yi taku uku ta sauka a kan titi, ta karɓi sandarta, ta nufi ƙarshen layi ba tare da ta waiwayo ba, mai shago yana yi mata barka da fitowa tana amsawa kamar jiya suka rabu.

Yaya ya fito daga lambatun, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce maƙogwaronsa ya bushe, in miƙo masa ruwan nan. Na ɗauko kofin daga kan ƙarfen, kafin ya isa hannunsa na zubar da rabi, shi kuma ya zubar da sauran a gaban rigarsa.